Ina son zagaya Maroko a babur ɗin haya, wa ya taɓa yi?

Sadauki_Tarauni: Salamu alaikum jama'a. Ni da abokina muna shirin zuwa Maroko hutu, kwana 8 muke da su, kuma so muke mu yi yawon a kan babur maimakon bin motar 'yan yawon buɗe ido. Tsarin da muka zana shi ne mu sauka Kasabalanka, mu hau jirgin ƙasa zuwa Marakesh, a can mu ɗauki hayar babur biyu, mu haura duwatsun Atlas zuwa Warzazat, mu wuce Marzuga inda rairayin nan yake, daga nan mu miƙe Fas mu yi ziyara, sai mu dawo Marakesh mu mayar da kayan mutane. Ni dai BMW 1250 GS raina yake so. Tun ina sakandare nake kan mashin, Jincheng, Boxer, duk na murza. Wanda ya san hanyar nan dan Allah ya ce wani abu, musamman maganar takardu da kuɗin ajiyar da suke riƙewa.

Baban_Iman: Wa alaikumus salam. Kafin a je ko'ina, lasin ɗinka wane aji ne? Ciro shi ka duba yanzu.

Sadauki_Tarauni: B ne.

Baban_Iman: To ka ga inda gizo ke saƙar. B na mota ne, na babur A ne. A gida ba mai tambayarka, shi ya sa mutum zai shekara 20 yana tuƙa mashin bai taɓa riƙe takardarsa ba, amma kamfanin da zai danƙa maka babur na miliyoyi abu na farko da zai ce ka turo shi ne hoton lasin, kuma wasu har shekarun lasin suke dubawa, su ce sai ya kai shekara 2. Ko da ka samu wanda ya kau da kai ya ba ka, ranar da tsautsayi ya gitta inshora za ta zame ta bar ka da jidali. Ka fara zuwa wajen 'yan Road Safety a ƙara maka A, sannan ka yi na ƙasa da ƙasa ka haɗa, shi ma ka tabbatar an buga hatimi a gurbin babur.

Zinder_Moto: Gaskiyar Baban Iman. Mu nan permi A muke ce mishi. Ni da permin Nijar na karɓi moto a Marakesh ba wata matsala tunda da Faransanci yake, jandarma na dubawa ya gane. Ku naku da Inglishi ne, gara ku haɗa da wancan ɗin.

Hajjaju_Kd: Ni tambayata ɗaya, me ya yi zafi? Ku yi hayar mota mai esi ku zauna kamar mutane mana. A je ƙasar wasu a karye, wa zai yi jinya?

Dan_Fagge88: Hajiya ai wanda bai taɓa ba ba zai gane ba 😂 a mota kallo kake, a babur kana cikin abin.

Hajjaju_Kd: Allah Ya tsare dai. Iyayenku mata su sani kafin ku tafi.

Injiniya_Bello: Malam Sadauki bari in yi maka maganar GS ɗin nan tsakani da Allah. Nauyinsa da mai a ciki ya kusa kilo 250, wato ya ninka Boxer ɗinka har da ɗoriya, kafin ka ɗaura akwatuna. A miƙaƙƙen titi ba za ka ji nauyin ba, daɗi ma yake yi. Inda ake jin jiki shi ne lokacin da za ka juya shi a lungun Marakesh ga amalanken jaki ga 'yan ƙananan babura suna kutsowa ta ko'ina, ko ka tsaya ɗaukar hoto a gefen hanya ƙafarka ta sauka kan tsakuwa a gangara. Da ya karkata kaɗan shikenan ya tafi, ba ka isa ka tare shi ba, kuma kowace faɗuwa daga kuɗin ajiyarka za a cire. Ni in nine kai Royal Enfield Himalayan zan ɗauka, mai injin cc 411 ɗin nan, kujerarsa ba tsawo, ba ya fizga, kuma hanyoyin dutsen nan ba gudu ake yi a kansu ba balle ka ce ƙarfi ya yi maka kaɗan. In kana son abin da ya ɗan fi shi kuzari to F 750 GS ko Ténéré 700, sai dai shi Ténéré dogo ne, in ba ka da tsawo da yatsun ƙafa za ka riƙa taɓa ƙasa.

Dan_Fagge88: Haba Injiniya, mutum ya biya kuɗin jirgi har Maroko ya je ya hau Himalayan? Abin da tirela za ta wuce shi a hawa? A bar yaro ya ji daɗin kuɗinsa.

Injiniya_Bello: Ɗan Fagge ka taɓa ɗaga babur mai kilo 250 daga ƙasa kai kaɗai da rana tsaka?

Dan_Fagge88: Su biyu ne ai.

Sadauki_Tarauni: Hhh ku bari. Ina jin ku. Tsawona dai ba laifi, amma gaskiya ban taɓa hawa abin da injinsa ya wuce cc 200 ba.

Mai_Kano_Rabat: Ni ina karatu a Rabat, bari in taɓo ɓangaren hanya don a nan nake ganin matsalar ta fi ta babur. Marakesh zuwa Warzazat wajen kilomita 200 ne, a taswira sai ka ce awa 2 da rabi, amma ka ware 4 zuwa 5, saboda sai ka haura Tizi n'Tishka, mita 2,260 sama da teku, kwana a kan kwana, ga manyan motoci suna jan ciki. An gyara hanyar an faɗaɗa ta sosai, duk da haka ba wurin sauri ba ne. Marakesh zuwa Marzuga gaba ɗaya wajen 560 ne. Marzuga zuwa Fas wajen 470, ta Rashidiya da Midelt da Ifran, wuni guda cur. Fas zuwa Marakesh kuma ya haura 500 in ta babbar hanya ce. Yanzu cire ranar sauka da ranar tashi daga kwana 8 ɗinku, saura 6. Kun ga kenan kullum kuna kan sirdi tun safe har la'asar, ba ku ga komai ba sai kwalta. Ko ku cire Fas daga tafiyar babur, ko ku ƙara kwanaki.

Sadauki_Tarauni: Fas ba ta ciruwa ɗan uwa. Abokin tafiyata saboda ziyarar Shehu Tijjani ma ya yarda zai zo.

Alaramma_Gusau: Masha Allah, Allah Ya karɓa. In kun je ku sa mu a addu'a. Zawiyar tana cikin tsohon gari ne, kuma ku sani babur ba ya shiga can, lungunan ƙafa ne da alfadari. Shehu ya rasu a 1815 a nan aka binne shi, za ku tarar da mutanenmu da 'yan Senegal da yawa a wurin, ba za ku yi baƙunta ba. Ku samu Juma'a da yamma in da hali.

Mai_Kano_Rabat: To ai ba cewa na yi kar a je ba. Ku mayar da babur a Marakesh ku hau jirgin ƙasa zuwa Fas, wajen awa 6 da rabi zuwa 7 kuna zaune kuna hutawa, daga Fas ku dawo Kasabalanka ku tashi. Babur ɗin da za ku ajiye a garejin otal kuna biyan haya yana barci meye amfaninsa?

Zinder_Moto: Amma hanyar Marzuga zuwa Fas tana da kyau fa, kar a raina ta. Kwarin Ziz da dabinai kamar ba za su ƙare ba, sannan dajin Azru da birai a bakin hanya. Akwai masu yarda ka ɗauka a Marakesh ka ajiye a Fas, sai dai su caje ka kuɗin dawo da shi. Ka tambaya.

Ummu_Sultan: Ni ban san komai a babur ba amma na je Marzuga da maigidana a mota. Kar ku kuskura ku je a Yuli ko Agusta. Mu 'yan Sakkwato ne mun san rana, amma wannan daban ce, tana haura 45, kuma ku da za ku sa jaket mai kauri da hular kwano? Sannan da daddare a cikin rairayin in lokacin sanyi ne har ƙashi. Ku tafi da rigar sanyi ko da wane wata ne.

Baban_Iman: Maris zuwa Mayu, ko ƙarshen Satumba zuwa farkon Nuwamba. Disamba da Janairu dusar ƙanƙara na sauka a Tishka, akwai shingen da suke rufe hanya da shi sai an share. Wanda bai taɓa taka ƙanƙara da taya biyu ba kar ya fara koyo a bakin rami.

Mai_Kano_Rabat: Satumbar ma a sa ido. A 2024 an yi ruwa mai ƙarfi a kudu maso gabas a watan, ambaliya ta ci hanyoyi ta kashe mutane. Busassun kogunan nan da titi ke ratsawa ta cikinsu, in aka yi ruwa a kan dutse sai su cika cikin ɗan lokaci alhali inda kake ko ɗigo bai sauka ba. In kun tarar da ruwa na gudu a kan titi ku tsaya ku ga abin da 'yan gari suke yi.

Sadauki_Tarauni: Muna duba Afrilu ne. To maganar kuɗin ajiya fa? Wani kamfani ya rubuto min wai yuro 2,000 za su riƙe a kati kan GS ɗin, Himalayan kuma ƙasa da rabin haka. Katin naira zai yi?

Abba_Forex: Kar ka dogara da shi. Ko bankinka ya buɗe kashewa a waje akwai iyaka, kuma riƙe kuɗi daban yake da biya, wasu injinan ba sa karɓar katin da ba na bashi ba. Ka yi katin dala na asusun dom, kuma ka tambaye su a rubuce ko suna karɓar tsaba. In tsaba ce a ba ka rasit mai sa hannu da hatimi. Dirhami kuma ba za ka same shi da sauƙi a Wapa ba, kuɗin ba a fita da shi sosai daga ƙasar, ka tafi da yuro ko dala ka canza can. Lissafi mai sauƙi, dirhami 10 kusan dala 1.

Garba_Tafiya: A kan ajiyar nan bari in ba ku labarin abin da ya same ni, ba zan kama sunan kamfanin ba. Na karɓi babur da sassafe, yaron shagon yana ta sauri wai akwai wasu Turawa na jira, ya miƙo takarda na sa hannu. Da na dawo sai maigidan ya zagaya ya durƙusa, ya haska fitilar waya ƙarƙashin injin, ya nuno min wata lotsawa a farantin da ke kare injin, ya kuma shafa gefen akwatin hagu ya ce ga ƙarzuwa. Wallahi ban faɗi ba ko sau ɗaya. Muka yi ta ja, shi Faransanci ni Turanci, ƙarshe dai ya zaftare wani abu daga kuɗin. Don haka ranar karɓa ku kunna bidiyo ku zagaye babur ɗin a gaban mai shi, a hankali, har ƙasan injin, bakin hannun birki da na kulochi, madubi, salansa, gefen rim, zanen taya, lambar kilomita, da inda allurar mai take. Duk tabon da kuka gani a rubuta shi a takardar kafin ku sa hannu. Ku tura masa bidiyon ta WhatsApp nan take don kwanan wata ya zauna.

Injiniya_Bello: Ƙari a kan na Garba, ku karanta abin da inshorar ta cire. Yawanci taya da rim ba sa ciki, kuma da yawa in ka sauka daga kwalta ka shiga burji ko yashi to kai da Allah. Ku tambaya in babur ya mutu a Tingir, can kan hanyar Marzuga, wa zai zo ya ɗauka, kuma wa zai biya. Ku tambaya tayar mai tub ce ko marar tub, don kayan facin ba ɗaya ba ne. Kuma akwai iyakar kilomita a rana ko babu.

Dan_Fagge88: To in ba za a shiga yashi ba me aka je yi Marzuga?

Zinder_Moto: Ɗan Fagge yashin Erg Shebbi, wato rairayin Marzuga, ba na wasa ba ne, tuddan suna kai mita 150. Mu da muka tashi cikin rairayi ma da ƙaramin moto marar nauyi muke shiga, a sassauta iskar taya. Babban moto da kaya yana shiga zai nutse har ciki, kulochi ya ƙone. Kwalta na kaiwa har garin, ka ajiye a masauki, ka hau raƙumi ko ka yi hayar mai ƙafa huɗu na awa ɗaya.

Hajjaju_Kd: Ku ji fa, a bar raƙuma a Agadas da Maigatari a tafi Maroko hawan raƙumi da kuɗin waje.

Malam_Tarihi: Hajiya ai tsohuwar hanya ce za su bi ta baya. Kafin Marzuga akwai Risani, a gefenta kufan Sijilmasa yake, garin da ayarin Sahara ke tashi daga shi zuwa ƙasashen baƙar fata tun ƙarni na 8. A Zagora kuma har yau akwai allon da aka rubuta kwana 52 zuwa Tambutu. Kuma fatar jan akuyar Sakkwato da aka jeme a ƙasar Hausa ta bi Sahara ta isa Turai, can suka riƙa kiranta fatar Maroko. In kun je majemar Fas ku tuna da wannan. Kusa da Marzuga akwai ƙauyen Khamliya na Gnawa, jikokin bayin da aka kai daga kudu, ku tsaya ku ji kiɗansu.

Sadauki_Tarauni: Malam wannan ya ƙara min son tafiyar wlh. Amma mu dawo kan takardu, biza fa?

Zinder_Moto: Mu 'yan Nijar ba ma buƙata, fasfo kawai 😎

Abba_Forex: Ku dai kun huta. Mai fasfon Najeriya sai ya nema, ofishin jakadancinsu na Abuja. In kana da bizar Shengen ko ta Amurka ko Ingila mai rai kana iya neman ta intanet, tun 2022 suka buɗe wannan. Kar ka biya kuɗin babur gaba ɗaya sai biza ta fito, ka ba da kafin alƙalami kawai, kuma ka ji ko ana mayarwa. Katin rigakafin shawara ma ka sa a jaka.

Mai_Kano_Rabat: Abu biyu da ba wanda ya faɗa. Na ɗaya jandarmomi. Suna tsayawa da na'urar auna gudu a mashigar gari, sau da yawa bayan kwana inda ba ka hango su. Cikin gari 60, waje 100, babbar hanya mai kuɗin shiga 120, kuma allon yana sauka da sauri, 80, 60, 40 a ɗan taƙi. In ka ga shingensu da allon tsayawa ka tsaya cak sai an yi maka hannu. Tara a nan take ake biya su ba ka rasit, kar ka soma miƙa na goro irin na gida. Na biyu, kar ku zo da jirgin ɗaukar hoton nan marar matuƙi, a filin jirgi kwastan za su karɓe. Abin daɗin dai a dama suke tuƙi kamar mu.

Alaramma_Gusau: Kuma Malikawa ne, Warshu suke karantawa, za ku ji kamar kuna gida. Sai dai masallatai da yawa ana rufewa bayan an idar da salla, ku riƙa lura da lokaci. Ku matafiya ne, kasaru ta halatta.

Ummu_Sultan: Abinci ba matsala, tajin da burodi ko'ina, ranar Juma'a kuskus. Amma ku tafi da yajinku, abincinsu ba yaji sam.

Garba_Tafiya: Kayan kariya fa? Kar ku yarda da hular da shago zai ba ku kyauta, wadda na samu ta yi min yawa tana rawa a kai, gilashin duk ya dushe, in rana ta faɗo gaba ba ka ganin komai. Ku sayi taku ku saba da ita tun a gida. Safar hannu, takalmi mai rufe idon sawu, jaket mai kariya a kafaɗa da gwiwar hannu. Kuma kar ku yi tafiyar dare, akwai masu keke da jakuna ba fitila, ga karnuka a ƙauyukan dutse.

Baban_Iman: Ga yadda zan raba in nine. Rana ta 1 Marakesh zuwa Ait Bin Haddu, amma bayan Tishka ku karya ta Telwet ku bi kwarin Unila, ya fi babbar hanya kyau nesa ba kusa ba. Rana ta 2 ku wuce Warzazat zuwa Bumalin Dades, ku hau lanƙwasar nan da kowa ke ɗauka a hoto ku sauko. Rana ta 3 kwazazzabon Todra da safe kafin motocin 'yan yawo su cika wurin, sai Marzuga. Rana ta 4 ku juyo ta Alnif da Nkob zuwa Agdaz. Rana ta 5 Marakesh. Sai jirgin ƙasa zuwa Fas kamar yadda ɗalibinmu na Rabat ya ce. A matse yake amma yana yiwuwa.

Zinder_Moto: Ba ranar hutu ko ɗaya a ciki Baba. Rana ta 4 za su tashi da ciwon baya, ga wanda bai saba da babban moto ba. Ni dai har yanzu ajiyewa a Fas ta fi min, ba maimaita Tishka.

Dan_Fagge88: Ku dawo ta ɗaya hanyar dutsen, Tizi n'Test, mana, an ce ta fi Tishka daɗi.

Mai_Kano_Rabat: Ta fi ta haɗari dai, siririya ce kuma wurare da dama ba shinge. Yankin ne girgizar ƙasar 8 ga Satumba 2023 ta fi yi wa ɓarna, mutum kusan 3,000 suka rasu, masallacin Tinmal mai tarihi ma ya rushe. Ana ta aiki a hanyar, sai an tambayi halin da take ciki a satin da za a bi. Kuma zagaye ne mai nisa ta Tarudant, ba ta shiga kwana 8.

Sadauki_Tarauni: Na gode ƙwarai jama'a. Gobe zan je maganar lasin. Na yi wa abokina magana ko za mu mayar da shi kwana 10, ya ce sai ya ga ogansa. Babur kuma na rubuta wa kamfanin su ba ni farashin F 750, shi abokin nawa ya ce Himalayan zai ɗauka.

Injiniya_Bello: To ka ga wata sabuwa, in ɗaya na da ƙarfi ɗaya ba shi da shi, na gaba zai yi ta jira na baya zai yi ta ƙure maƙura. Ku ɗauki iri ɗaya. Kuma kafin Afrilu ka nemi wani a cikin masu manyan babura na Kano ya ba ka aron nasa ka je Tiga ka dawo, da kaya a baya.

Dan_Fagge88: Wa zai ba shi aro? 😂 Ni dai nawa ba ya aruwa.

Hajjaju_Kd: Sadauki ka faɗa wa Hajiyarka ko ba ka faɗa ba?

Garba_Tafiya: Wai wanda ya ajiye a Fas ɗin nan, Zinder_Moto nawa suka caje ka kuɗin dawo da shi? Ni ma ina son in sake komawa ta can.